Idan Jami'in Tarayya Ya Yi Kisa a Jiharmu, Wa Zai Kai Shi Gaban Alƙali?

Duk wanda ke riƙe da bindigar hukuma a kan titunan Bauchi da Gombe ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, haka kuma sibil difens da kwastan da jami'an shige da fice da na hukumar NDLEA da jami'an tsaro na farin kaya da sojoji, dukansu daga Abuja ake ɗaukar su aiki, daga can ake biyan su albashi, daga can kuma ake yi musu canjin wurin aiki. Wanda ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Gombe ya san yadda ake rage gudu a shingayen bincike, tun daga gadar Dindima zuwa Alkaleri har a shiga gari, ya kuma san yadda direba yake sauke gilashi, ya kashe rediyo, in dare ne ya kunna fitilar cikin mota, fasinjoji kuma su yi tsit har sai an ɗaga masa hannu. Mafi yawan lokuta gaisawa ake yi a wuce lafiya. Damuwata ita ce ranar da aka samu akasi, bindiga ta tashi, mutum ya faɗi, aka rasa wanda zai amsa tambaya a kan jininsa.

Abin da ke biyo bayan irin wannan rana kusan kowa ya haddace shi. Kakakin hukumar zai fitar da sanarwa cewa harsashi ne ya kuɓuce, ko kuma mamacin ya yi yunƙurin tserewa, a ƙara da cewa an tsare jami'in kuma ana bincike. Na taɓa zama a wani zaman makoki irin wannan a wata unguwa cikin garin Bauchi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, motoci suka tsaya, manya suka fito da kaki masu guga, aka sauke buhunan shinkafa a zaure, aka miƙa wa kawun mamacin ambulan, liman ya yi addu'a, mai unguwa ya roƙi a yi haƙuri domin kwana ne ya ƙare. Mahaifin yaron bai ɗaga kansa daga carbinsa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Mun bar wa Allah." Wani ƙanen mamacin ya buɗe baki zai yi tambaya, wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaro, ba yau ba." Babu wanda ya ambaci sunan wanda ya yi harbin a wurin, kuma babu wanda ya faɗi kotun da za a kai shi.

Ban ce duk harbin da jami'i ya yi laifi ne ba. 'Yan sandan da ke tsaye a shinge cikin dare 'ya'yan mutane ne, da yawansu ma 'yan uwanmu ne, kuma mu mutanen Arewa maso Gabas mun ga yadda aka riƙa kashe su a ofisoshinsu da kan hanya a shekarun rikicin Boko Haram. Jami'in da ɗan fashi ya ɗana wa bindiga yana da haƙƙin kare kansa kamar kowa. Sai dai wanda zai tantance ko harbin ya halatta ko bai halatta ba shi ne alƙali, bayan ya saurari shaidu a bainar jama'a. Kakakin hukuma ba alƙali ba ne, shugaban wanda ya yi harbin ma ba alƙali ba ne.

Dokarmu ita kanta ta buɗe ƙofa fiye da kima. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, amma ƙaramin sashe na biyu ya ce ba za a ɗauki mutuwar mutum a matsayin tauye wannan haƙƙi ba idan ta faru sakamakon amfani da ƙarfin da doka ta yarda da shi kuma ya zama dole, wajen kare wani mutum ko kare dukiya, ko wajen kama mai laifi ko hana tsararre tserewa, ko wajen kwantar da tarzoma da bore. A lura da kalmar dukiya a nan. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi da bindiga sun ce ba a harbi da niyyar kisa sai in babu makawa domin ceton rai, ba domin ceton kaya ba. Tsohon umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237 ya bai wa jami'i damar harbin wanda ake zargi da babban laifi idan ya gudu, kuma wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan gilla, Philip Alston, wanda ya ziyarci Najeriya a 2005, ya soki wannan umarni sosai. A 2019 aka sake rubuta shi aka tsaurara sharuɗɗansa. Gyara ne mai kyau, amma umarnin cikin gida ba ya gurfanar da kowa.

Masu bin labaran Amurka sun san cewa wannan tambaya tana ci musu tuwo a ƙwarya su ma, kuma duba yadda take a can yana nuna mana abin da muke da shi a nan. A 1889 wani jami'in tarayya mai suna David Neagle, wanda aka ɗora wa tsaron wani alƙalin Kotun Ƙoli, ya harbe mutumin da ya kai wa alƙalin hari a jihar Kalifoniya. Hukumomin jihar suka kama shi da laifin kisa, amma a 1890 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha ba ta da ikon yi wa jami'in tarayya shari'a kan abin da ya yi a bakin aikinsa matuƙar bai wuce abin da ya wajaba ba. Tun daga lokacin, mai gabatar da ƙara na jiha da ya tuhumi jami'in tarayya yakan tarar an ɗauke shari'ar zuwa kotun tarayya, inda jami'in zai nemi a kore ta bisa wannan kariya. Ta ɓangaren neman diyya kuwa, a 1971 Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar kai jami'in tarayya ƙara shi kansa, sai dai tun daga baya take ta tsuke ƙofar. A 2010 wani jami'in tsaron iyaka da ke tsaye a ɓangaren Amurka ya harbe wani yaro ɗan shekara 15, Sergio Hernandez, wanda ke ɓangaren Meziko, kuma a 2020 kotun ta yanke, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa iyayensa ba su da hurumin neman diyya daga jami'in.

Mu a Najeriya babu irin wannan garkuwa a dokarmu. Sashe na 308 ya ba da kariya daga gurfanarwa ga mutum huɗu ne kawai, wato shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamna da mataimakinsa, su ma iyakar zamansu a kan kujera. Kofur ko sufeto ko kwamishinan 'yan sanda ba ya cikin wannan jeri. Kisan kai kuma laifi ne na dokar jiha. A kundin Final Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960, wanda jihohinmu suka gada, sashe na 221 ne ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da gangan, kuma babbar kotun jiha ce ke sauraren irin wannan shari'a. Sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya bai wa antoni janar na jiha, wanda muke kira kwamishinan shari'a, ikon shigar da ƙara kan duk laifin da dokar jiha ta tanada, da ikon karɓe ƙarar daga hannun wani. Ma'ana, idan jami'in tarayya ya harbe direba a Darazo ko ɗan acaɓa a Kumo, ma'aikatar shari'a ta jihar ce ke da hurumin gurfanar da shi, kuma ba ta buƙatar izinin kowa a Abuja. Saboda haka idan na ji wani babba a gwamnatin jiha yana cewa lamarin na tarayya ne, babu yadda za su yi, nakan san cewa ko dai bai karanta dokar ba, ko kuma ba ya son ɗaukar nauyin.

An gwada, kuma ta yiwu. Ranar Kirsimeti ta 2022 wani jami'in ɗan sanda mai suna Drambi Vandi ya harbe wata lauya mai juna biyu, Bolanle Raheem, a yankin Ajah na Legas tana cikin mota tare da iyalinta. Gwamnatin jihar Legas ce ta gurfanar da shi a babbar kotun jiha, abokan aikinsa da suke tare a wurin suka ba da shaida, kuma aka nuna wa kotu cewa harsasan da ya karɓa da safe sun ragu da biyu alhali na sauran suna nan cif. Ranar 9 ga Oktoba, 2023 kotu ta same shi da laifi ta yanke masa hukuncin kisa, wato ƙasa da wata goma bayan harbin. Dokar da ta bai wa Legas wannan iko ita ce ta bai wa Bauchi da Gombe. Bambancin shi ne mamaciyar lauya ce, ƙungiyar lauyoyi ta tsaya kai da fata, 'yan jarida ba su saki labarin ba, gwamnatin jiha kuma ta ga cewa yin shiru zai fi yi mata tsada. Ɗan dako ko mai sayar da rake ba shi da ƙungiyar da za ta yi masa haka, alhali jininsa bai gaza nata daraja ba.

Inda maganar take mutuwa shi ne wurin bincike. Kwamishinan shari'a ba shi da 'yan sandan kansa, yana jiran fayil ne daga rundunar da ake zargin ɗanta, wanda bai da maraba da ba wa kura ajiyar nama. Gwamna ma ba shi da cikakken iko a kan kwamishinan 'yan sanda, domin sashe na 215 ya ba kwamishinan damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Idan ƙaramin jami'i ne, akan yi masa shari'ar ladabtarwa ta cikin gida, a rage masa igiya ko a tuɓe masa kaki. Idan babba ne, sai a tura batun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a Abuja. Mutane da yawa suna jin an kori jami'i sai su ɗauka an yi hukunci, alhali kora mataki ne tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki, ba ta da alaƙa da haƙƙin rai. Kafin a farga kuma an yi wa abokan aikinsa da suka ga abin da ya faru canji, wannan zuwa Kuros Riba, wancan zuwa Kebbi, sai kotu ta yi ta ɗage zama saboda rashin shaida har iyalan mamaci su gaji da kuɗin mota.

Shari'ar mutum shida na Apo, wata unguwa a Abuja, ta nuna abin da rauni a bincike yake haifarwa. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, 'yan kasuwa biyar da wata budurwa, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya gano cewa ba 'yan fashi ba ne. DPO ɗin da ake zargi da hannu a ciki ya tsere daga inda ake tsare da shi. Sai a watan Maris na 2017, kusan shekara goma sha biyu bayan kisan, babbar kotun Abuja ƙarƙashin Mai Shari'a Ishaq Bello ta yanke wa ƙananan jami'ai biyu hukuncin kisa, ta sallami uku, ciki har da mafi girman muƙami a cikinsu, saboda hujjojin da aka gabatar a kansu ba su isa ba. Alƙali ba ya hukunci sai da abin da aka ajiye a gabansa, kuma waɗanda ya kamata su tattara hujjar tun daren farko abokan aikin waɗanda ake tuhuma ne.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, kuma faɗinsa yana da nauyi. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, wanda aka harba da hantsi kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma zuciyar uba ba ta jure a ce za a taɓa gawar ɗansa. Amma a shari'ar kisa, rahoton likita kan inda harsashi ya shiga da inda ya fita shi ne yake bambanta wanda aka harba yana fuskantar jami'i da wanda aka harba ta baya yana gudu, harsashin da aka ciro kuma shi ne yake nuna bindigar da ya fito daga cikinta. Idan aka binne gawa ba tare da wannan ba, an binne rabin shari'ar. Majalisun fatawa, ciki har da Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, sun halatta binciken gawa idan ana neman gano musabbabin mutuwa a shari'ar kisa. Muna da asibitin koyarwa a Bauchi, muna da wani a Gombe, muna kuma da tsohuwar dokar binciken musabbabin mutuwa wadda ta bai wa alƙalin majistare ikon kiran shaidu kan mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba. Abin da ya rage shi ne a tsara yadda za a kammala binciken cikin 'yan sa'o'i a kan kuɗin gwamnati, malamai kuma su yi wa jama'a bayani a kan mumbari, domin kada a sa iyali su zaɓa tsakanin suturta mamacinsu da neman haƙƙinsa.

Idan gwamnati ta ga ba makawa, takan biya kuɗi. A watan Satumbar 2013 sojoji da jami'an farin kaya suka buɗe wuta a wani kango a Apo, suka kashe mutum takwas, mafi yawansu 'yan Arewa masu tuƙa keke napep, aka ce 'yan Boko Haram ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bincika, a 2014 ta ce babu hujjar hakan, ta umarci a biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane daga cikin mutum 11 da suka jikkata, jimilla miliyan 135, kuma sai a 2018 aka biya. Marayu suna buƙatar wannan kuɗi, ban raina shi ba. Amma daga baitulmali ya fito, wato daga aljihun jama'a, wanda ya ja kunamar bindiga bai rasa ko kwabo ba, saboda haka babu darasin da na bayansa zai ɗauka. Hanyar samun diyyar ma cike take da ƙaya: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, ko da yake ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun cire wannan wa'adi ga wanda ya bi ta hanyarsu, sannan sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce sai da yardar antoni janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Kwamitocin bincike kuwa mun ga iyakarsu. Bayan arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a watan Disambar 2015, gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya, kwamitin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu, amma ba a gurfanar ba. Bayan zanga-zangar SARS ta 2020 Bauchi da Gombe suna cikin jihohin da suka kafa kwamitocin sauraren ƙorafi. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Arewa shida, rundunar 'yan sanda ta musanta, maganar ta tsaya a musu tsakanin rahoto da sanarwa.

Mu mutanen Bauchi ba ma buƙatar a ba mu labarin tsadar kisa ba tare da shari'a ba. Ranar 26 ga Yulin 2009 a nan Dutsen Tanshi rikicin Boko Haram ya ɓarke, ranar 30 ga watan aka kashe shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda a Maiduguri bayan sojoji sun miƙa shi da ransa. Akidarsa ɓata ce, kuma mabiyansa sun zubar da jinin bayin Allah, amma da an kai shi kotu da an ji su waye ke bayansa, da kuma ba a bai wa waɗanda suka gaje shi abin da za su riƙa yaudarar matasa da shi ba. Surukinsa Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa wurin 'yan sanda, shi ma aka kashe shi, har kotu ta yanke wa iyalansa diyyar naira miliyan 100 a 2010. Abin da ya biyo baya a wannan yanki kowa ya gani da idonsa.

Masu cewa a yi haƙuri suna jingina da addini, kuma haƙuri ibada ne babba. Sai dai a Musulunci afuwa haƙƙin waliyyan jini ne, suna yin ta ne bayan an tabbatar da wanda ya yi kisan, an ba su zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafiya. Kisan kuskure ma Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffarar 'yanta bawa, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba, don haka cewa harsashi ne ya kuɓuce ba ya rufe magana. Lokacin da Usama bin Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, ya kawo uzurin cewa tsoron takobi ne ya sa ya furta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai karɓi uzurin ba duk da ƙaunar da yake yi masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Haƙurin da ake ɗora wa talaka a ƙofar gidansa, gaban waɗanda yake tsoro, kafin ma a faɗa masa sunan wanda ya kashe ɗansa, tilas ce aka sa mata rigar addini. Kuma harsashi ba ya tambayar mutum addininsa, uwar da ke kuka a Billiri ko Tafawa Ɓalewa haƙƙinta ɗaya da wadda ke kuka a Azare.

Ana ta maganar kafa 'yan sandan jihohi, amma sauya mai biyan albashi ba zai gyara komai ba muddin runduna ce za ta ci gaba da binciken kanta. Akwai abin da majalisun dokokin Bauchi da Gombe za su iya yi tun yanzu ba tare da jiran gyaran kundin tsarin mulki ba. Legas ta sabunta dokarta ta binciken musabbabin mutuwa tun 2007, namu 'yan majalisar ma za su iya yin haka, su wajabta cewa duk mutuwar da ta faru a hannun jami'in tsaro sai majistare ya zauna a kanta a fili, a ajiye bindigar da rajistar ɗakin makamai a hannun kotu tun ranar farko, a kuma ɗauki bayanin abokan aikin jami'in bisa rantsuwa kafin a yi wa kowa canjin wurin aiki. Kwamishinan shari'a kuma a wajabta masa ya bayyana gaban majalisa kowace shekara ya faɗi adadin irin waɗannan fayiloli da suka iso teburinsa, da waɗanda ya kai kotu, da dalilin da ya sa bai kai sauran ba.